Ya ce in riƙe masa shago, ni kuma na ji kamar ya ce zan gudu

Assalamu alaikum Malam. Shekarata 24, ina aiki a wani shagon kayan lantarki da na sola a Kaduna, yau shekara biyu ke nan. Maigidana ba ya jin Hausa sosai, da Turanci muke magana. Sakandare na gama, Turancina dai na ciniki ne, amma bai taɓa ba ni kunya ba sai watan jiya. Zai yi tafiyar mako biyu zuwa garinsu, sai ya tara mu, mu huɗu, ya dube ni ya ce, "I want you to run the shop while I am away." Kalma biyu kunnena ya kama, "run" da "away". Nan take gabana ya faɗi, na ɗauka wani ne ya kai sukata cewa zan gudu da kayansa in ya ba da baya. Na ce, "Wallahi sir, I will never run." Yara suka kwashe da dariya, har da mai faɗuwa kan kwali. Shi kuwa ya yi shiru, ya miƙa wa wani makullan. Sai da dare abokina ya warware mini, ashe shagon aka so a damƙa mini. Tun ranar sunana ya koma "Never Run", har 'yan dako sun ɗauka. Na buɗe ƙamus a waya in duba kalmar, na yi ta ja ƙasa ma'anoni ba su ƙare ba, na rufe. Malam, ina tunanin barin aikin don kunya. Wai kalma ɗaya ma'anarta nawa ne? Ko dai ni ne kaina ba ya ja?

Wani matashi daga Kaduna

Wa alaikumus salam, ɗana.

Kada ka bar aikin nan. Da wannan na fara, don kada ka karanta rabin amsata ka tashi ka aikata abin da za ka ciji yatsa a kansa. Sake karanta wasiƙarka da kanka ka ga abin da ke ciki. Mutum yana da yara huɗu, zai bar dukiyarsa mako biyu, ya duba ya zaɓe ka. Shekara biyu yana kallon yadda kake ba da canji, da yadda kake ƙirga kaya, da lokacin da kake isowa da safe, kafin ya yanke wannan shawara. Na san abin ya yi maka ciwo, ba zan ce maka bai taka kara ya karya ba. Amma makullin mako biyu ne ya kuɓuce maka. Yardar da ta sa aka miƙo shi tana nan inda take, sai fa in kai ne ka juya mata baya ka tafi.

Kanka kuma lafiyarsa lau. Kalmar da ta kayar da kai ita ce ta fi ba masu rubuta ƙamusun Turanci wahala, su da harshensu. Babban ƙamusun Oxford, wanda aka kammala bugunsa na farko a 1928, an sake buga shi a 1989 cikin juzu'i 20, kuma a lokacin kalmar "set" ce ke riƙe da kambu, da ma'anoni 430. Da aka zo sabunta shi, wani ma'aikacinsu mai suna Peter Gilliver ya zauna a kan "run" ita kaɗai sama da wata tara, ya fito da ma'anoni 645, kuma duk a matsayinta na aikatau, ba a haɗa da wuraren da take zuwa a matsayin suna ba. Marubucin nan Simon Winchester ne ya ba da labarin a jaridar New York Times a 2011. To ka ji, Baturen Ingila, wanda wannan ce sana'arsa, sai da ya share wata tara. Kai da ka ja allon waya na 'yan mintoci ka gaji, ina laifinka?

Sai dai kada adadin ya firgita ka. Babu Baturen da ya haddace ma'anoni 645, kamar yadda babu Bahaushen da ya taɓa zama ya haddace ma'anonin "ci". Lokacin da nake koyarwa a wata sakandare, an turo mana wata 'yar bautar ƙasa daga kudu, yarinya mai natsuwa, mai son koyon Hausa ƙwarai. Tana da wani ɗan littafi mai shuɗin bango da ba ta rabuwa da shi. Makon farko aka koya mata "ci", ta rubuta ma'anarsa guda a gefe, wato abin da ake yi wa tuwo. Bayan kwana kaɗan wata ɗaliba ta shigo ofishin malamai da murna tana cewa ta ci jarrabawa. Ina zaune ina kallo, baiwar Allah ta ajiye biro ta juyo gare ni, fuskarta cike da tambaya. Na yi mata bayani, ta rubuta. Washegari ta ji an ci direban makaranta tara. Jibi ta ji wani ya ci bashi, wani ya ci amanar ɗan'uwansa, kasuwar garin tana ci ranar Laraba, wuta ta ci rumbun wane, wane ya ci sarauta, kada ka ci mutuncina, ci gaba da magana. Shafin ya cika har ta juya baya. Digiri gare ta a kimiyya, kuma babu ko mutum ɗaya a makarantar da ya ce kanta ba ya ja. Kafin shekararta ta cika tana ciniki da 'yan kasuwa ba tafinta. Abin da na lura ya buɗe mata hanya shi ne ranar da ta daina rubuta kalma ɗaya da fassara ɗaya, ta koma rubuta maganar sukutum yadda ta ji ta, da wanda ya faɗa, da inda aka faɗa. Riƙe wannan, zan dawo kansa.

Yanzu mu zo kan taka kalmar, kuma daga Hausa nake so mu shigo mata, domin makullinta yana bakinka tun kana yaro. Muna cewa mota tana gudu alhali ba ta da ƙafa. Muna cewa ruwa yana gudu a kwata, agogon wane yana gudu, ciki ya ɓaci mu ce gudawa. 'Yan gida ɗaya ne da "gudana": kogi yana gudana, taro ya gudana lafiya, ga yadda al'amarin ya gudana. Daga nan sai "gudanar da": gudanar da mulki, gudanar da bincike, gudanar da kasuwanci, hukumar gudanarwa. Ka ga inda muka iso? Abin da maigidanka ya faɗa maka, in an mayar da shi Hausa, shi ne: ina so ka gudanar da shagon nan bayan ba na nan. Bahaushe ya dubi aikin da ke tafiya ba tsayawa ya ga kamar ruwa ne mai gudu, ya dubi mai kula da shi ya ce shi ne mai gudanarwa. Bature ya bi wannan hanyar sak. Tun a tsohon Turanci, fiye da shekara dubu da suka wuce, kalmar tana ɗauke da gudun ƙafa da kwararar ruwa duka biyun. A Jamusanci, wanda ɗan'uwan Turanci ne, har yau ga su nan kafaɗa da kafaɗa: "rennen" gudun ƙafa, "rinnen" kwarara.

Saboda haka duk inda ka haɗu da "run", kafin ka hango mutum ya cika wandonsa da iska, fara hango abu mai tafiya a miƙe ba yankewa. Mafi yawan ma'anonin nan da suka tsorata ka a waya daga wannan hoton suka tsiro. "Running water" ruwan famfo ne mai zuwa. "My nose is running" majina ce ke zuba. In an ce launin atamfa ya yi "run" a wanki, zuba ta yi, kamar yadda matanmu ke cewa. "It runs in the family" abu ne na gado, yana bin jini daga kaka zuwa jika. A asibiti in nas ta ce yaro "is running a temperature", jikinsa ne ya yi zafi, in likita ya ce zai yi "run" na wasu gwaje-gwaje, gudanar da su zai yi. Na taɓa ganin wata uwa a bakin ɗakin yara ta ji an faɗi haka game da ɗanta, ta riƙe hannun ƙanenta tana tambayarsa ina za a kai yaron da gudu. Da aka ce mata jini kawai za a ɗiba a auna, sai ta sauke ajiyar zuciya ta zauna. Ba kai kaɗai wannan kalma ta taɓa tsinka wa zuciya ba.

Akwai wani abin da nake so ka tsaya ka duba da kyau, domin a ganina shi ne asalin abin da ya faru ranar nan. Kai fa a shagon lantarki kake. Sau nawa mai saye ya tambaye ka, "How many hours will this battery run?" ka ba shi amsa ba tare da ka yi zaton batir zai fita da gudu ba? Sau nawa maigida ya ce "The generator is running", ka san janareto na aiki? Ka ji an ce fanka "runs on solar", ka san da sola take aiki. Ka ji mai haɗa wuta ya ce "run the cable along the wall", ka ɗauko waya kuka ja ta bin bango. Ka ji an ce batir ya yi "run down", ka san caji ne ya sauka. Ma'ana biyar ke nan na ƙirga maka a tsaye, duk kana aiki da su kullum, ba wanda ya zaunar da kai ya koya maka. To me ya sa ta shida ta kayar da kai?

Tsoro ne ya yi maka tafinta. Duk yaron da ke aiki a dukiyar wani ya san wannan zaman ɗar-ɗar ɗin. Kaya ya ɓace, kai ake fara kallo. Lissafi bai cika ba, kai ake tambaya. Ga labarin yaran shago da suka gudu da kuɗin iyayen gidansu ya cika kasuwa, har wanda bai taɓa ɗaukar allurar wani ba yana kwana da fargabar ranar da za a jingina masa. Sai aka tara ku, aka ware ka, aka dube ka cikin ido. Zuciyarka ta riga ta gama shirin jin zargi tun kafin mutumin ya buɗe baki, don haka da kalmomin nan biyu suka faɗo, sai ta cafke su ta haɗa abin da take jira. Da a ce kana zaune hankali kwance aka rubuta maka jimlar a takarda, ina da yaƙinin da ka gane ta. Na faɗi wannan ne don ka san inda za ka sa magani. Ƙarin Turanci zai taimake ka, amma sai ka haɗa da koya wa kanka jinkirin daƙiƙa uku kafin ka ba da amsa, musamman lokacin da ka ji gabanka ya faɗi.

Ga dabarar da nake koya wa ɗalibaina. Kada ka dubi kalmar ita kaɗai, dubi maƙwabtanta. Fara da wanda ke gabanta: wa ke yin abin? In mai ƙafa ne, kuma ba a ambaci komai bayan kalmar ba, gudu ne na sosai. In marar ƙafa ne, inji ko ruwa ko hanya ko lokaci, to aiki yake yi, ko kwarara, ko miƙewa. Sannan dubi abin da ya biyo bayanta. In sunan wani abu ne ya biyo kai tsaye, shago, makaranta, kamfani, inji, gwaji, to gudanarwa ake nufi ko sarrafawa. Inda wannan ba ta aiki shi ne in abin da ya biyo tsere ne ko nisan tafiya, kamar "run five kilometres", wannan kam ƙafa ce za ta yi aiki. A jimlar maigidanka, abin da ya biyo bayan "run" shi ne "the shop". Ita kuwa "away" ɗin da ta ruɗe ka tana can ƙarshe, kalma biyar tsakaninsu, kuma ba taka ba ce, tasa ce: "while I am away", wato lokacin da shi ba ya nan. Shi ne mai tafiya, kai ne mai zama. Kafin ta zama gudu irin wanda ka ji tsoro, sai sun manne da juna, "run away", in kuma da kayan mutum ne a ce "run away with".

Wajen 'yan ƙananan kalmomin nan masu manne mata a baya aka fi yin tuntuɓe, kuma nan ne hoton ruwa mai gudu ba kullum yake fitar da kai ba. Duk wadda ta manne, ka ɗauka sabuwar kalma aka haifa, ka koye ta da kanta. "We have run out of sockets" na nufin soket sun ƙare mana, ba wanda ya fita waje. Wannan za ka fi ji a shago, kuma ita ce mutane ke faɗa in data ko kati ya ƙare musu. "I ran into your brother in the market" kiciɓis aka yi da ɗan'uwanka, amma in mota ce ta yi haka da bango, karo ne. "Run over" ka kiyaye ta, fuska uku gare ta: mota ta take akuya, tanki ya cika yana zuba, taro ya zarce lokacin da aka ɗibar masa. "I am running late" na makara ke nan, ko da mai maganar yana zaune cikin cunkoson motoci ko motsi ba ya yi. Akwai kuma wadda nake so ka haddace yau ɗin nan, don za ta yi maka rana duk lokacin da aka bar maka shago: "Let me run it by my boss." Ma'anarta, bari in ji ta bakin maigida tukuna. Mai saye ya matsa maka lamba kan ragi ko bashi, da ita za ka kare kanka cikin ladabi.

In kana sauraron labarai da Turanci lokacin zaɓe, za ka ji an ce wane "is running for governor". Takara ya fito. Wannan salon Amurkawa ne. Turawan Ingila sun fi cewa "stand for election", daidai da tamu ta tsayawa takara, mu nan kuma duka biyun muna ji. "Running mate" abokin takara ne, wanda zai zama mataimaki in an ci. "Run-off" kuwa zagaye na biyu ne, irin wanda aka yi a Nijar ranar 21 ga Fabrairun 2021 tsakanin Mohamed Bazoum da Mahamane Ousmane, bayan babu wanda ya haye rabin ƙuri'u a zagayen farko.

Abin da ya ƙara wa kalmar ƙiba haka, injuna ne. Da masana'antu suka bunƙasa a Ingila, sai aka riƙa cewa inji yana "run", jirgin ƙasa yana "run" tsakanin gari da gari. Da kwamfuta ta zo ita ma ta ara, manhaja tana "run", wayarka tana "run" da Android. Duk sabon abin da ke aiki da kansa, ita ake kira masa.

Ka yi hattara da wasu guda biyu na gida. "Running stomach" da muke faɗa a Najeriya kowa zai gane ka a nan, kuma ka ga yadda ta yi daidai da gudawa, amma a takardar asibiti "diarrhoea" za ka gani. Sai "runs" mai harafin s a ƙarshe. A bakin samarin Najeriya tana nufin harkar da ba ta da tsabta, satar amsar jarrabawa ko neman kuɗi ta hanyar banza, a Ingila kuma "the runs" gudawa ce. Ko ta wane gefe, ba kalmar da za ka furta gaban mai saye ba ce. Wajen lokaci kuma siffa biyu ce kawai za ka riƙe: yau da kullum "run", jiya "ran", bayan "have" ko "has" a koma "run". Babu "runned", ko da ka ji wani ya faɗa.

Mu koma ga littafin yarinyar nan mai shuɗin bango. Ka sayi ƙaramin littafi wanda zai shiga aljihun riga. Duk ranar da ka ji "run" a shago, ko a rediyo, ko ka gan ta a jikin kwalin inbata, rubuta jimlar gaba ɗayanta, da wanda ya faɗa, sannan a ƙasa ka rubuta yadda Bahaushe zai faɗi wannan maganar. Ban ce fassarar kalma da kalma ba, yadda za ka faɗa wa mahaifiyarka ta gane nake nufi. Cikin wata guda za ka tara wajen ashirin, kuma za ka ga su ne dai suke ta maimaituwa. Su ne naka. Sauran ɗari shida da ɗoriya ka bar wa masu ƙamus. Bayan nan ka yi wa "get" da "take" da "put" da "set" haka, domin gajerun kalmomin nan su ne masu wuya, dogayen da ke ba mutane tsoro galibi ma'ana ɗaya ko biyu gare su. Ƙamus ɗin ma ka sauya. Akwai wanda aka rubuta musamman don mu da ba harshenmu ba ne, Oxford Advanced Learner's Dictionary, wanda A. S. Hornby ya assasa bayan ya daɗe yana koyar da Turanci a Japan, Oxford ta fara buga shi a 1948. Yana kawo ma'anonin da aka fi amfani da su, kowace da jimlar misali, kuma ana samunsa a intanet. Misalan za ka karanta, su ne naman.

Sai ɗabi'a guda da nake roƙon ka ɗauka har ƙarshen rayuwar aikinka: maimaita umarni. Je wajen mai awo ka ce a ba ka shinkafa, zai ce "kwano uku ko?" kafin ya zuba, kuma ba wanda ya taɓa cewa bai iya Hausa ba. Matuƙan jirgin sama doka ce a kansu su maimaita abin da hasumiyar filin jirgi ta faɗa musu, duk ƙwarewarsu. In maigida ya yi magana ba ka tabbatar ba, ce masa, "Sorry sir, do you mean I should manage the shop?" Ko kuma kawai, "Please say it again, sir." Mai dukiya ya fi son yaron da zai tambaya sau biyu a kan wanda zai ce "yes sir" ya je ya yi ɓarna. Matambayi ba ya ɓata, ai ka sani.

Yanzu ga abin da ya fi komai gaggawa, kuma ina jin bai faɗo maka a rai ba. Ka ce maigidanka ya yi shiru. Ka taɓa tambayar kanka me shi ya ji? Ya ce ka gudanar da shago, kai kuma ka rantse ka ce, "I will never run." A kunnensa, tana iya yiwuwa abin da ya ji shi ne: ba zan taɓa riƙe maka shago ba. Ya ɗaga ka a gaban yara, ka mayar masa da kyautarsa a gabansu, har da rantsuwa. Yaran sun gane ruɗewa ce shi ya sa suka yi dariya, amma ba lallai shi ya gane ba, kuma mai shirin tafiya ba shi da lokacin bincike. In haka ne, wata guda ke nan kana fama da kunya, shi kuma yana fama da mamakin abin da ya yi maka da ka ƙi shi. Kowannenku yana riƙe da rabin labari. Kai ne ƙarami, kai ne kuma ka san gaskiyar abin, don haka kai za ka je.

Kada ka tare shi lokacin ciniki, kada kuma ka yi a gaban yara. Jira an rufe lissafi da yamma, sauran sun watse, ka ce kana son minti biyu. Ba ka buƙatar dogon Turanci. Ka ce: "Sir, that day I did not understand you. I thought somebody told you I would run away with your goods. Now I know what you meant. Thank you for trusting me. Any time you need me, I am ready." Jimla biyar ne, ka maimaita su a ɗaki har su zauna a bakinka. Kada ka ambaci wanda aka ba makullan, ko da ka ga kurakuransa a mako biyun nan, kuma kada ka roƙi a yi maka alkawari. Ka faɗi naka ka yi shiru. Wataƙila ya yi dariya, wataƙila ya dafa kafaɗarka, wataƙila ya ce "okay" kawai ya ci gaba da abin da yake yi. Duk wanda ya yi, ya dai ji cewa yaron da ya zaɓa, da ya zaci ana zarginsa da cin amana, abin da ya fara fita daga bakinsa rantsuwa ce cewa ba zai gudu ba.

Sunan da suka laƙaba maka kuwa, in ka nuna yana ƙona maka rai, ka ba shi taki. In sun kira, amsa da "na'am" ka ci gaba da aikinka. Ni da na karanta shi ban ji abin kunya a cikinsa ba. A kasuwar da kowane mai shago ke kwana da tsoron yaron da zai gudu, an wayi gari 'yan dako suna yawo da sunanka suna cewa ga wanda ba ya gudu. Da ni ne kai, da ban hana su ba.

Kafin wata tafiyar ta taso, ka shirya wa makullin. Ka san abin da ke cikin sito ba sai an duba littafi ba, ka iya rubuta rasit da cinikin yini da Turanci mai tsabta, ka san lambobin masu kawo kaya, ka lura da waɗanda maigida ke ba bashi da waɗanda ba ya ba. Ka samu maigidan naka cikin makon nan, kada ya wuce Juma'a, sannan ka rubuto mini abin da ya ce. Allah Ya yi maka jagora, Ya sa albarka a neman ka.